Sawu Nawa Jirgin Ya Yi? Alminiyam da Tsufan Jiragen Fasinja

Fasinjan da ya jingina kai da tagar Boeing 737 a kan hanyar Kano zuwa Legas, abin da ya raba shi da sararin samaniya bai taka kara ya karya ba. Bayan farin allon robar da idonsa ke gani akwai shimfiɗar da ke tare sanyi da ƙara, daga nan sai falle ɗaya na ƙarfe wanda a wurare da yawa kaurinsa bai fi milimita ɗaya da 'yan kai ba, wato ya ɗan ɗara katin cirar kuɗi na banki. Idan jirgi ya kai ƙafa 35,000, sanyin da ke bayan wannan falle yakan kai digiri 50 ƙasa da sifili, iskar shaƙa kuma ta yi ƙarancin da mutum ba zai yi minti biyu a cikin hayyacinsa ba. Shi ya sa ake cusa iska a cikin jirgin. Iskar nan kuwa tana tura kowace murabba'in mita ta fatar jirgin zuwa waje da ƙarfin da ya haura nauyin tan biyar.

Fallen nan alminiyam ne, ƙarfen da wasu ke kira sanholo ko goran ruwa, dangin wanda ake zuba tukwane da gwangwanin lemo da shi. Kusan shekara casa'in ke nan shi ke ɗauke da fasinjojin duniya, amma a yau ana yi masa mummunar fahimta iri biyu. Wasu na ganin zamaninsa ya wuce tun da Boeing 787 da Airbus A350 suka fito da gangar jiki ta zaren kabon. Wasu kuma, musamman a Nijeriya, da zarar jirgi ya sami matsala tambayarsu ta farko ita ce shekarunsa nawa, kamar dai tsufan jirgi irin na ɗan Adam ne. Duka biyun sun samo asali ne daga rashin sanin yadda alminiyam ke tsufa. Babbar darajar wannan ƙarfe ita ce an san halinsa: an san yadda yake gajiya, da inda yake fara tsagewa, da saurin da tsagar ke tafiya. Tsadar wannan sani rayukan mutane ce, kuma ba ya amfani sai akwai mai dubawa, mai rubutawa, da mai ikon cewa jirgi ba zai tashi ba.

Yadda ƙarfen tukunya ya hau sama

Tsantsar alminiyam ƙarfe ne mai laushi, kuma a da ya yi tsadar da ba a ko tunanin yin gini da shi. Sai a 1886 ne Charles Martin Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa, kowa a nasa ɓangaren, suka gano hanyar tace shi da wutar lantarki, farashinsa ya faɗi. Injin jirgin da 'yan'uwan nan biyu na gidan Wright suka tashi da shi a 1903 yana da gangar alminiyam, amma jikin jirgin katako ne da ƙyalle.

Matsalar laushi wani masanin ƙarafa Bajamushe mai suna Alfred Wilm ya warware ta a 1906. Ya gauraya alminiyam da jan ƙarfe kimanin kashi 4 cikin 100 da ɗan maganiziyam, ya gasa, ya tsoma a ruwa, ya ajiye. Da ya sake gwada shi bayan 'yan kwanaki, sai ya tarar ya yi tauri da kansa yana ajiye. Wannan haɗin shi aka sa wa suna duralumin, kuma da shi kamfanin Junkers na Jamus ya ƙera F 13 a 1919, jirgin fasinja na farko da aka yi da ƙarfe tun daga kai har wutsiya. Katako ya ci gaba da jan zarensa har zuwa Maris 1931, lokacin da fiffiken wani jirgin Fokker ya ɓalle a sama a jihar Kansas ta Amurka, ya hallaka duk mutanen ciki, har da shahararren mai horar da 'yan wasa Knute Rockne. Bincike ya karkata ga danshin da ya lalata mannin katakon a cikin fiffike, inda ido ba ya kaiwa. Kafin shekara biyar ta cika, Boeing 247 da Douglas DC-3 sun fito da jikin alminiyam, kuma daga nan ba a sake waiwayar katako ba.

Dalilin zaɓar alminiyam a kan baƙin ƙarfe ya wuce rashin nauyi kawai. Idan girmansu ɗaya, nauyin alminiyam kusan sulusin na baƙin ƙarfe ne. Ke nan a nauyi ɗaya, fallen alminiyam ya ninka na baƙin ƙarfe kauri kusan sau uku, kuma falle mai kauri ya fi jure lanƙwashewa nesa ba kusa ba. Ga shi kuma sanyi ba ya sa shi tsinkewa kamar gilashi, yana da sauƙin yanka da hudawa da lanƙwasawa, kuma ana iya sauya halinsa gwargwadon abin da aka gauraya masa. Haɗin da ake kira 2024, mai jan ƙarfe, yana jinkirta tafiyar tsaga, shi ya sa ake yin fatar gangar jirgi da ƙasan fiffike da shi, wuraren da ke shan ja. Haɗin 7075, mai tutiya, ya fi ƙarfi, don haka ya dace da saman fiffike inda ake shan matsi. A jirgi irin Boeing 747, kusan kashi 80 cikin 100 na nauyin ƙirarsa alminiyam ne.

Gajiyar ƙarfe

Amma alminiyam yana da aibi guda wanda ba ya rabuwa da shi. Wanda ya taɓa lanƙwasa waya gaba da baya har ta karye ya ga abin da injiniyoyi ke kira gajiyar ƙarfe. Baƙin ƙarfe yana da wani mizani wanda muddin nauyin da ake ɗora masa bai kai shi ba, zai yi ta jurewa kusan ba iyaka. Alminiyam ba shi da wannan mizani. Kowane ja, komai ƙanƙantarsa, yana rage masa kwana. Jirgin fasinja kuwa duk sa'ad da ya hau sama yana kumbura kaɗan kamar balan-balan, in ya sauko ya saɓe. Tashi ɗaya da sauka ɗaya shi ne sawu ɗaya, kuma kowane sawu lanƙwasa ɗaya ce ga fatar da ke kewaye da dubban ramukan ƙusoshin da suka ɗaure fallayen da juna.

Birtaniya ce ta fara biyan kuɗin wannan karatu. A ranar 2 ga Mayu 1952 jirgin Comet na kamfanin de Havilland, jirgin fasinja na farko mai injin jet, ya fara jigila daga Landan zuwa Johannesburg. Yana tafiya sama da inda sauran jirage ke kaiwa, don haka bambancin matsin iskar ciki da ta waje ya fi nasu. A ranar 10 ga Janairu 1954 wani Comet da ya tashi daga birnin Rum ya tarwatse a sama kusa da tsibirin Elba, mutum 35 suka rasu. Aka dakatar da jiragen, aka yi musu gyare-gyare bisa zato, aka sake su. A ranar 8 ga Afrilu wani ya sake tarwatsewa a kan teku kusa da Naples da mutum 21. Babu ɗaya daga cikin jiragen biyu da ya wuce shekara uku da 'yan kwanaki a duniya.

A cibiyar binciken jirage ta Farnborough, ƙarƙashin jagorancin Arnold Hall, aka ɗauko Comet guda aka nutsar da gangarsa a cikin wani katafaren tanki, aka riƙa cusa mata ruwa ana ragewa, ana kwaikwayon tashi da sauka dare da rana. An zaɓi ruwa ne saboda ba ya matsuwa kamar iska, don haka in fatar ta yage ba za ta yi bindiga ta ɓata shaida ba. Da aka haɗa sawun da jirgin ya yi a sama da na tanki, a kan sawu 3,057 gangar ta tsage daga kusurwar wata ƙofar gaggawa. Tarkacen da aka tsamo daga tekun Elba ya nuna abu iri ɗaya: tsagar ta faro ne daga ramin ƙusa a kusurwar wata 'yar taga da ke rufin jirgin. Ja yana taruwa a kusurwa kamar yadda ruwan sama ke taruwa a bakin indararo. Wannan ne ya sa tagogin jiragen yau ba su da kaifin kusurwa.

Darasin da ya fi wannan girma ya shafi tunanin masu ƙira. An daina dogara da fatan tsaga ba za ta faru ba, aka koma ƙira bisa cewa za ta faru. Aka riƙa ɗaura wa gangar jirgi ɗamaru daga ciki domin su tare tsaga kafin ta yi nisa, kuma ana raba nauyi a kan sassa da yawa yadda in ɗaya ya karye saura su riƙe. Wannan ma bai wadatar ba. A Mayu 1977 wani Boeing 707 na dakon kaya yana gab da sauka a Lusaka ta Zambiya sai ɓarin ƙaramin fiffiken wutsiyarsa ya ɓalle, mutum shida suka rasu, saboda wata tsaga da ta daɗe tana tafiya ba a gani ba. A 1978 hukumar jiragen sama ta Amurka ta tsaurara ƙa'ida: wajibi ne mai ƙira ya ɗauka akwai tsaga tun farko, ya lissafa saurin girmanta, ya ƙayyade lokutan dubawa yadda za a kama ta kafin ta kai munzali. Daga nan amincin jirgin alminiyam ya rataya a wuyan mai dubawa.

Rufin da ya tashi a Hawai

A ranar 28 ga Afrilu 1988 wani Boeing 737 na kamfanin Aloha yana ƙafa 24,000 tsakanin Hilo da Honolulu, sai rufinsa na gaba, tsawon kusan mita biyar da rabi, ya yaye ya bar fasinjoji a fili. Iska ta fizge ma'aikaciya ɗaya, matuƙan kuma suka yi nasarar saukar da sauran mutanen a tsibirin Maui. Shekarun jirgin 19. Awannin da ya yi a sama 35,496, adadin da ba ya tayar da hankali. Amma sawunsa 89,680, alhali Boeing ya ƙera shi bisa lissafin sawu 75,000. Tsakanin tsibiran Hawai tafiya gajera ce, kowane sawu bai cika minti 25 ba. Jirgin dogon zango da ke yin sawu biyu a rana, a cikin waɗannan shekaru 19 ba zai kai sawu 14,000 ba. Sa'anni ne a shekaru, amma ɗaya ya ninka ɗaya wahala fiye da sau shida.

Binciken ya gano cewa mannin da ke tsakanin fallayen ya saki, iskar teku mai gishiri ta shiga ta ci ƙarfen, nauyi ya koma kan ƙusoshi. Ƙananan tsagogi suka ɓullo a ramukan ƙusoshi da yawa a layi ɗaya, kowacce ta yi ƙanƙantar da ba za ta ja ido ba, har ranar da suka haɗe suka zama yaga ɗaya da ɗamaru ba su iya tarewa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Masu binciken sun ɗora laifi a kan tsarin gyaran kamfanin da ya kasa gano ɓarnar. Bayan wannan haɗari Amurka ta yi dokar kula da tsofaffin jirage a 1991, sannan a 2010 ta wajabta wa masu ƙira su yanke wa kowane samfuri iyakar da ba za a wuce ba sai da sabon gwaji. Ana auna wannan iyaka da sawu da awannin tashi.

Abin da faci ke ɓoyewa

Akwai abin da ya fi yawan sawu haɗari, shi ne gyaran da aka yi ba daidai ba. A 1978 wutsiyar wani Boeing 747 na kamfanin jiragen Japan ta daki ƙasa wajen sauka a Osaka, bangon baya da ke riƙe matsin iska ya lalace. Ma'aikatan Boeing da suka gyara shi sun raba farantin haɗin gida biyu, har ya zama a wani wuri layi ɗaya na ƙusoshi ke ɗauke da nauyin da aka tsara wa layi biyu. Jirgin ya ci gaba da aiki har sawu fiye da 12,000. A ranar 12 ga Agusta 1985 bangon ya fashe, ya tafi da mafi yawan wutsiya da dukkan bututun man da ake sarrafa jirgin da su. Mutum 520 suka rasu, kuma har yau babu haɗarin jirgi guda ɗaya da ya ci rayuka kamarsa. Shekarun jirgin 11.

Irin wannan ya sake faruwa a ranar 25 ga Mayu 2002, lokacin da wani 747 na China Airlines ya wargaje a sama bayan tashi daga Taiwan da mutum 225. Wutsiyarsa ta taɓa ƙasa a Hong Kong tun 1980. Maimakon a yanke fatar da ta kuje a sauya ta kamar yadda littafin gyara ya tanada, sai aka ɗora faci a kai. Tsagogin suka yi shekara 22 suna girma a ƙarƙashin facin. Alminiyam yana nuna rauninsa, yakan lotse, yakan yi farin gari in tsatsarsa ta kama shi, kuma na'urar da ke aiki da maganaɗisu tana gano tsagar da ido bai gani ba. Amma duk wannan sai an san inda za a duba, kuma kundin gyaran jirgi ne ke faɗin wurin.

Zaren kabon da iyakarsa

Masu cewa zamanin alminiyam ya wuce suna da hujja mai ƙarfi, kuma ya kamata a ba ta haƙƙinta. Boeing 787, wanda ya fara jigila a 2011, rabin nauyinsa zaren kabon ne da aka manne da danƙo aka gasa, alminiyam kashi 20 kacal. Airbus A350 da ya biyo baya a 2015 ya ɗan ɗara rabi. Zaren kabon ba ya tsatsa, ba ya gajiya irin ta ƙarfe, don haka ana iya faɗaɗa tagogi a ƙara matsin iska da danshi a ciki, fasinja ya sauka bai jigata sosai ba. A tafiyar awa goma sha biyar, kowane kilo da aka rage mai ne aka adana. A ranar 2 ga Janairu 2024 kuma, da wani A350 ya yi karo da ƙaramin jirgi a filin Haneda na Tokyo ya kama da wuta, gangarsa ta jure har dukkan mutum 379 da ke ciki suka fita da rai, duk da cewa mutum biyar na ƙaramin jirgin sun rasu.

Sai dai zaren kabon yana da nasa hali. Motar kaya na iya bugun jirgi a fili, fatar ta koma daidai kamar ba abin da ya faru, alhali a ciki shimfiɗun zaren sun rabu. Ba a gane wannan sai da na'urar sauti irin wadda ake hoton ciki da ita a asibiti. Gyaransa ma ba na kowa ba ne. A Yuli 2013 batirin wata na'ura ya ƙone rufin wani 787 na kamfanin jiragen Habasha yana ajiye a Heathrow, kuma sai da ƙwararrun Boeing suka zo suka yanke wurin suka dasa sabon sashe, jirgin bai koma aiki ba sai ƙarshen shekarar. Daga 2021 zuwa 2022 Boeing ya yi fiye da shekara guda bai miƙa 787 ga masu saye ba saboda 'yan giɓin da aka gano a mahaɗar sassan gangarsa. Kamfanin jiragen Katar da Airbus sun kai juna kotu a Landan kan lalacewar fenti da abin da ke ƙarƙashinsa a jikin A350, ba su sasanta ba sai a 2023. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke nuna zaren kabon ba shi da aminci. Abin da suke nunawa shi ne har yanzu ana kan koyon halinsa, kuma babu gangar jirgin fasinja ta kabon da ta kai shekara ashirin tana jigila.

Zaɓin da masu ƙira suka yi da kuɗinsu shi ne babbar shaida. Boeing 737 da Airbus A320, waɗanda kowannensu an ƙera fiye da 11,000, har sababbin samfuransu gangar alminiyam gare su. Ƙaramin jirgi yana yin sawu da yawa a rana, yana shan gogar matakala da motocin kaya, ana kuma ƙera gommai a wata, don haka ƙarfen da ke da arha kuma makanikin jirgi a ko'ina zai iya yi masa faci ya fi dacewa da shi. Sabon Boeing 777X fikafikansa na kabon ne amma gangarsa alminiyam ce. Airbus A220 irin na Ibom Air yana amfani da alminiyam da aka gauraya da litiyam, wanda kowane kashi 1 cikin 100 nasa ke rage nauyi da kusan kashi 3. Idan jirgi ya gama aiki kuma, alminiyam ɗinsa yana komawa tukunyar narki da kusan kashi 5 cikin 100 na wutar da sabo ke ci. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma fasinjan cikin gida a Afirka ta Yamma zai daɗe yana zaune a cikin alminiyam.

Shekara 22

A nan ne maganar ta shafi Nijeriya kai tsaye. A ranar 4 ga Mayu 2002 wani jirgin BAC One-Eleven na kamfanin EAS ya faɗa unguwar Gwammaja a Kano jim kaɗan bayan tashi, ya hallaka mutum fiye da ɗari a cikin jirgi da cikin gidaje. Gwamnati ta dakatar da wannan samfuri, ta kuma sa iyakar shekara 22 ga jiragen fasinja. Tun daga lokacin adadin ya zauna a bakin jama'a, kuma ya sake tasowa a Yuni 2012 da jirgin Dana samfurin MD-83, mai shekara 22, ya faɗi a Iju-Ishaga ta Legas. Amma a duka biyun gangar jirgin ba ta tsage ba. A Kano jirgin ya zarce ƙarshen titin tashi, injinansa suka shaƙi ƙura suka rasa ƙarfi. A Legas injinan biyu ne suka mutu ɗaya bayan ɗaya, matuƙan kuma ba su karkata zuwa filin da ya fi kusa ba tun na farko ya fara nuna alama.

Masu goyon bayan iyakar shekaru ba su rasa abin faɗa ba. Tsatsa da kalanda take tafiya, kuma danshi da gishirin iskar Legas da Fatakwal ba su da bambanci da na Hawai. Tsohon jirgi ya bi ta hannu da yawa, kuma a kowane hannu takarda na iya ɓata. Babban duba, wanda ake kwance kujeru da bene a leƙa kowane lungu, yana ƙara tsada yayin da jirgi ke ƙara shekaru, da dala ake biyansa, galibi a ƙasar waje. Idan naira ta faɗi, sha'awar jinkirta shi takan taso. Hukumar da ba ta da isassun masu dubawa, ƙirga shekaru ya fi mata sauƙi, domin ba ya buƙatar fitila ko na'ura.

Wannan hujja karɓaɓɓiya ce a matsayin matakin gaggawa, amma ba ta isa ta zama ginshiƙin tsaro ba. Da iyakar shekara 22 ce ma'auni, da Comet mai shekara uku ya wuce, da 747 na Japan mai shekara 11 ya wuce, da jirgin Aloha mai shekara 19 ya wuce. A ɗaya ɓangaren kuma, kamfanin Delta na Amurka yana ɗaukar fasinja kullum da jiragen Boeing 757 da 767 da wasunsu suka haura shekara 25, saboda an san sawunsu kuma kowane faci a jikinsu yana rubuce. Ma'aunin shekaru yana kwantar da hankali a inda bai kamata ba, yana tayar da shi a inda ba dole ba. Tafiye-tafiyen cikin gida a Nijeriya yawancinsu kusan awa ɗaya ne, wato irin aikin da ke tara sawu da sauri, don haka a nan ma sawu ne ya fi cancantar ƙirgawa.

Abin da ya dace jama'a da 'yan majalisa da 'yan jarida su nema a fili yake. Hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasa ta riƙa wallafa, ga kowane jirgin fasinja mai rajista, sawun da ya yi, awannin tashinsa, abin da ya rage masa kafin iyakar da mai ƙira ya yanke, da ranar babban dubansa na ƙarshe da wurin da aka yi shi. Jirgin da aka shigo da shi da giɓi a kundin gyaransa kada ya ɗauki fasinja sai an buɗe tsofaffin facinsa an duba ƙarƙashinsu, ko da shekarunsa goma ne. Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964, ta cancanci kuɗi da na'urorin horar da masu gano tsaga, kuma albashinsu ya kai wanda zai hana kamfanonin waje kwashe su. Rumfunan gyara na cikin gida da za su iya babban duba suna rage kuɗin da ke sa a yi jinkiri. Sannan injiniyan da ya ƙi sa hannu a takardar sakin jirgi yana buƙatar dokar da za ta kare aikinsa, domin a kan sa hannunsa dukkan lissafin masu ƙira ya tsaya.

Fasinja ma yana da nasa rabo, ko da kaɗan ne. A rahoton haɗarin Aloha an rubuta cewa wata fasinja ta hango tsaga a jikin jirgin kusa da ƙofa lokacin da take hawa, amma ba ta gaya wa kowa ba. Wanda ya ga lotsa ko tsaga ko ƙusar da ta fito a jikin jirgi, ya faɗa wa ma'aikatan ciki kafin a rufe ƙofa. Aikinsu ne su sanar da matuƙi, shi kuma ya kira injiniya ya duba.